Gwaji ya wuce lafiya amma asusu na biya sau biyu: abin da TLA+ zai gano maka

Tambaya: Muna gina manhajar biyan kuɗi da ke gudana a kan sabobi da yawa, wato kwamfutocin da ke karɓar buƙatu su amsa. Duk gwaje-gwajenmu suna wucewa lafiya, amma can ba a rasa ba sai a cire wa mutum kuɗi sau biyu, ko asusu ya biya fiye da abin da ke cikinsa. Idan muka nemi matsalar ta sake fitowa a gabanmu sai ta ƙi. An ba mu shawarar mu gwada tabbatar da tsarin ta hanyar lissafi, da irin su TLA+. Mene ne shi, ta ina ake farawa, kuma ya cancanci wahalar?

Amsa: Ya cancanta, ɗan'uwa, musamman ga irin aikinku. Ciwon da ka kwatanta yana tattare da duk tsarin da ayyuka biyu ko fiye ke taɓa abu ɗaya a lokaci guda, kuma masana suna fama da shi tun 1965, shekarar da Edsger Dijkstra ya wallafa hanyar da ayyuka masu yawa za su riƙa shiga wuri guda ɗaya bayan ɗaya ba tare da karo ba. Bari mu fara da asusun naka, don a nan abin zai fi fitowa fili.

A ce akwai naira 10,000 a asusu. Buƙatu biyu sun shigo, kowacce ta cire 7,000, ɗaya ta faɗa kan saba A, ɗaya kan saba B. Kowace saba tana yin mataki uku: ta karanta abin da ke asusun, ta duba ko ya isa, ta rubuta sabon adadi. Matakai shida ke nan, kuma hanyoyin da za su iya cakuɗuwa, kowace saba tana bin nata jerin, guda 20 ne. A cikin 20 ɗin nan biyu kaɗai ke ba da sakamako daidai: A ta gama kaf sannan B ta fara, ko B ta gama kaf sannan A ta fara. Sauran 18 duk ɓarna ce. Kowacce ta karanta 10,000, kowacce ta ga ya isa, kowacce ta rubuta 3,000. An biya 14,000, asusu kuma yana nuna saura 3,000. Wannan shi ne kuskuren rige-rige.

To me ya sa gwajinku bai gani ba alhali hanyoyin ɓarna sun fi yawa? Saboda na'ura ce ke zaɓar hanyar da gwaji zai bi, kuma a ɗakin gwaji kusan kullum buƙata ɗaya kan gama kafin ta biyu ta iso. Sai ranar da kasuwa ta ci, buƙatu dubbai na shigowa, hanyar sadarwa na jan ƙafa, sannan ƙofar da faɗinta bai wuce ƙiftawar ido ba za ta sami mai shiga. Kuma lissafin yana hauhawa da sauri mai ban tsoro. Ayyuka biyu masu mataki 10 kowanne suna da hanyoyin cakuɗuwa 184,756. Ka ƙara na uku, adadin ya haura tiriliyan 5. Ko ka kwana kana maimaita gwaji, abin da ka taɓa bai kai cikin cokali ba, kuma mafi yawansa hanya ɗaya ce kake ta nanatawa. Ƙaramin kuskure irin wannan yana iya jawo babbar asara: a ɗaukewar wutar lantarki ta 14 ga Agusta 2003 a arewa maso gabashin Amurka da Ontario ta Kanada, wadda ta shafi mutum wajen miliyan 50, rige-rige ne a cikin manhajar ƙararrawa ta wani ɗakin kula da wuta ya sa ƙararrawar ta yi shiru fiye da awa guda, ma'aikata ba su san layuka na faɗuwa ba.

Abin da ake yi a wannan fanni shi ne a ajiye ainihin manhajar gefe, a rubuta ƙaramin samfurinta da harshen lissafi, sannan a ba wata manhaja mai bincike ta bi duk halin da samfurin zai iya shiga, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Edmund Clarke da Allen Emerson a Amurka a 1981, da Jean-Pierre Queille da Joseph Sifakis a Faransa a 1982, su suka kafa wannan dabara, kuma Clarke da Emerson da Sifakis suka sami lambar Turing, babbar lambar yabo ta kimiyyar kwamfuta, ta 2007 a kanta. TLA+ harshe ne da Leslie Lamport ya tsara don rubuta irin wannan samfuri, mai bincikensa kuma sunansa TLC. Kyauta ne, Java kawai yake buƙata, kuma da zarar ka sauke shi ba ya neman intanet.

Samfuri yana da sassa huɗu. Na farko, abubuwan da ke canzawa: kuɗin asusu, abin da kowace saba ta riƙe a kanta, matakin da take kai, saƙonnin da ke kan hanya. Hoton waɗannan duka a lokaci guda shi ake kira hali. Na biyu, halin farko. Na uku, matakan da aka yarda su faru, kowanne da sharaɗin da zai ba shi damar faruwa da kuma canjin da yake kawowa. Ba ka faɗin wanda zai riga wani. Ka ce kawai kowane mataki da sharaɗinsa ya cika yana iya faruwa, TLC ya gwada dukkansu. Na huɗu, ƙa'idar da dole ta tsaya a kowane hali. A naku, ƙa'idar ita ce: abin da ya rage a asusu haɗe da duk abin da aka biya ya zama daidai da kuɗin farko, kuma babu buƙatar da aka biya fiye da sau ɗaya. Wannan jimla ɗaya ita ta fi komai wahalar rubutawa, kuma sau da yawa a wurin rubuta ta ne za ka ga mutum biyu a ƙungiya ɗaya ba su ma yarda da juna a kan abin da tsarin ya yi alkawari ba.

TLC yana binciken ne hawa-hawa: duk halin da mataki ɗaya ke kaiwa, sannan na mataki biyu, haka dai. Shi ya sa idan ƙa'ida ta karye yakan miƙo maka sawu mafi gajarta, daga halin farko har inda aka yi ɓarnar, yana nuna abin da ya canza a kowane mataki. Wannan sawun shi ne ribar aikin gaba ɗaya. Matsalar da ta ƙi maimaituwa wata shida, ga ta a layi shida.

Yanzu mu bi asusun mu ga yadda gyara kan haifi sabuwar matsala, don a nan ne samfuri ke nuna amfaninsa na gaske.

Gyaran da zai fara zuwa maka shi ne kwaɗo: saba ta kulle asusu kafin ta karanta, ta buɗe bayan ta rubuta. Amma idan sabar da ke riƙe da kwaɗon ta mutu, asusu ya kulle har abada, don haka sai ka sa wa kwaɗon wa'adi, a ce daƙiƙa 10. A cikin samfuri kada ka rubuta daƙiƙa 10. Ka rubuta mataki guda mai suna "wa'adi ya ƙare", wanda zai iya faruwa a kowane lokaci muddin wani na riƙe da kwaɗo. Dalili kuwa, a zahiri saba tana iya daskarewa fiye da daƙiƙa 10 yayin da take share ƙwaƙwalwarta, ko saƙon rubutun ya makale a hanya, kuma ita ba ta san ta daskare ba. Da ka ƙara wannan mataki TLC zai kawo maka sawu kamar haka: A ta karɓi kwaɗo, ta karanta 10,000, wa'adi ya ƙare, B ta karɓi kwaɗo, ta karanta 10,000, ta rubuta 3,000, A ta farka ta rubuta 3,000. An koma gidan jiya. Ko ka ce A ta sake duba agogo kafin ta rubuta, bai warke ba, domin tsakanin dubawa da rubutawa akwai tazara, kuma a tazarar wa'adin zai iya ƙarewa. Maganin yana wajen rumbun bayanai ne: kowane karɓar kwaɗo ya zo da lamba mai ƙaruwa, rumbun ya ƙi duk rubutun da lambarsa ta gaza ta ƙarshe da ya gani. Ko kuma a yi rubutu mai sharaɗi, wato "rubuta 3,000 in har asusun bai canza ba tun da na karanta", rumbun ya duba ya rubuta a numfashi ɗaya.

Cire kuɗi sau biyu kuwa yawanci daga sake aikawa yake. Na'urar mai saye ta aiko da buƙata, saba ta cire kuɗi, amsar ta ɓace a hanya, na'urar ta gaji da jira ta sake aikowa. Daga wajen mai aikawa babu yadda za a bambance saƙon da bai isa ba da amsar da ba ta dawo ba. Don ka kama wannan, ka wakilci hanyar sadarwa da tarin saƙonni wanda ake sakawa amma ba a cirewa. Da wannan dabara ɗaya ka sami abu uku: saƙo na iya isa sau biyu tunda yana nan, na iya isa a kowane jeri, na iya ɓacewa tunda babu abin da ya tilasta a karɓe shi. Gyaran da aka sani shi ne kowace buƙata ta ɗauki lambar shaida, saba ta ajiye lambobin da ta riga ta biya. To amma duba nan da kyau. Idan cire kuɗin mataki ne daban, ajiye lambar mataki ne daban, ka kuma ƙara matakin "saba ta mutu ta tashi, ta manta duk abin da ba ta ajiye a faifai ba", TLC zai nuna maka mutuwa a tsakanin biyun. Ka cire kafin ka ajiye lamba, a biya sau biyu. Ka ajiye lamba kafin ka cire, a ce an biya alhali ba a biya ba. Dole biyun su shiga ciniki ɗaya a rumbu ɗaya. Idan kuwa kuɗin yana wani banki ne lambar tana wajenku, sai an gina hali na tsakiya, "an fara, ba a tabbatar ba", da mai bin sawu da zai tambayi ɗaya ɓangaren ya kammala ko ya mayar da kuɗi. Shi ma sai ka sa shi a samfuri, domin yana iya yin rige-rige da sake aikawar.

Wannan ya kawo mu kan kuskuren da ya fi cin masu koyo: girman mataki. Duk abin da ka rubuta a matsayin mataki ɗaya, ka shaida wa TLC cewa babu mai iya kutsowa tsakaninsa. Ka haɗa karantawa da dubawa da rubutawa a mataki guda, zai ce maka komai lafiya, kuma bai yi ƙarya ba, samfurin ne ya daina kama da manhajarka. Abin da za ka riƙe shi ne: duk inda aka aika saƙo, ko aka jira amsa, ko aka taɓa faifai ko rumbun bayanai, ko aka saki kwaɗo, nan iyakar mataki take. Lissafin da saba ke yi a cikin kanta ita kaɗai, haɗe shi wuri ɗaya, ba ya ƙara komai sai yawan halaye.

Yawan halaye kuwa shi ne bangon da kowa ke karo da shi. Samfurin yarjejeniyar kammala ciniki mai zango biyu da Jim Gray da Lamport suka rubuta yana da halaye 288 idan mahalarta uku ne, amma 50,816 idan sun zama shida, kuma wannan ƙaramin samfuri ne ƙwarai. Don haka ka fara da kaɗan: saba biyu, asusu ɗaya, buƙata biyu, kuɗi 10 da 7 maimakon dubbai. Ya wuce, ka ƙara saba ta uku da buƙata ta uku. Daniel Jackson na jami'ar MIT, wanda ya ƙirƙiro Alloy, wani harshen rubuta samfuri mai kama da TLA+, shi ya yaɗa ra'ayin cewa mafi yawan kurakurai suna bayyana a ƙaramin girma, kuma aiki ya sha gaskata shi, ko da yake hasashe ne ba hujja ba. Duk lamba mai ƙaruwa ba iyaka, kamar lambar kwaɗon nan, ka sa mata rufi, a ce kada ta wuce 4, in ba haka ba binciken ba zai taɓa ƙarewa ba. Idan sabobin duk iri ɗaya ne, ka shaida wa TLC cewa musanya sunayensu ba ya canza komai. Da saba uku hakan na iya rage aiki har ninki 6, da biyar har ninki 120. Sai dai kada ka kunna wannan rangwame lokacin binciken ci gaba, wanda zan zo kansa, domin a can yana iya ba da amsa marar inganci.

Idan TLC ya ce bai ga kuskure ba, kada ka yi saurin murna. Duba adadin halayen da ya bi. In ka ga goma sha wani abu a tsarin da ya kamata ya ba da dubbai, akwai sharaɗin da ya toshe hanya. Duba rahoton da ke nuna sau nawa kowane mataki ya faru, duk mai sifili matacce ne. Sannan ka ɓata samfurin da gangan: cire duba lambar shaida, ka ga ko zai yi kuka. In bai yi ba, ƙa'idarka ce ba ta da haƙori. Wata dabara mai kyau ita ce ka rubuta ƙa'idar ƙarya, kamar "babu buƙatar da ake biya ko kaɗan", don TLC ya ƙaryata ta da sawun ciniki mai nasara, ka karanta ka tabbatar samfurin yana yin aikin da kake zato.

Duk ƙa'idojin da muka ambata na kariya ne, wato mugun abu ba zai faru ba. Tsarin da ke ƙin kowace buƙata ya cika su duka. Shi ya sa akwai kashi na biyu, na ci gaba: duk buƙatar da ta shigo, a ƙarshe za a biya ta ko a ƙi ta. Lamport ne ya raba su haka a 1977, a shekarar da Amir Pnueli ya kawo ilimin mantiƙin lokaci cikin wannan fanni, wanda da shi ake furta "a ƙarshe" da "har abada" a lissafce. Nan ake kama cirko-cirko, kamar A ta kulle asusun farko tana jiran na biyu, B ta kulle na biyu tana jiran na farko, da kuma zagayen da kowa ke ta sake gwadawa babu mai gamawa. Binciken ci gaba yana buƙatar ka faɗi zatonka na adalci, in ba haka ba TLC zai ce tsarin na iya tsayawa cak kawai. Adalci mai sauƙi yana cewa matakin da damarsa ta ɗore ba yankewa zai faru. Adalci mai ƙarfi yana cewa ko damar tana zuwa tana tafiya, in dai ba ta daina dawowa ba, zai faru. Shi ake buƙata ga hanyar da ke zubar da saƙo. Yi hattara kada ka zaci fiye da abin da duniya za ta ba ka. Fischer da Lynch da Paterson sun tabbatar a 1985 cewa idan babu iyaka ga jinkirin saƙo, kuma na'ura ko da ɗaya na iya mutuwa, babu tsayayyar hanyar da za ta lamunce a cimma matsaya kullum. Saboda haka ka bar ci gaba ya dogara da zaton cewa hanya za ta gyaru, amma kariya kada ta jingina da agogo ko kaɗan.

Game da ko manyan kamfanoni na yin wannan da gaske, injiniyoyin Amazon sun wallafa a 2015 cewa suna amfani da TLA+ tun 2011. Samfurin wani sashe na rumbun bayanansu DynamoDB, mai layi 939, ya fito da kurakurai uku, ɗaya sai an bi mataki 35 kafin bayanai su salwanta, kuma ya riga ya tsallake bitar tsari da bitar manhaja da gwaji. Sun ce injiniyoyinsu kan koyi harshen cikin mako biyu zuwa uku. Pamela Zave, lokacin tana kamfanin AT&T, ta ɗauki Chord, tsarin rarraba bayanai tsakanin kwamfutoci da yawa da aka wallafa a 2001 aka yi ta koyar da shi a jami'o'i, ta rubuta shi da Alloy, ta nuna a 2012 cewa babu sigarsa da aka wallafa da ke daidai.

Sai iyakarsa, wadda ya kamata ka gaya wa shugabanninku tun farko. Abin da TLC ya tabbatar shi ne samfurin, a girman da ka ba shi, bisa zaton da ka rubuta. A ƙarshen shekarun 1990 masu bincike a NASA sun yi amfani da SPIN, manhajar binciken samfuri ta Gerard Holzmann, a kan wani sashe na manhajar kumbon Deep Space 1, suka gano kurakurai biyar. A watan Mayu 1999, kumbon yana sararin samaniya, manhajar ta yi cirko-cirko saboda kuskure irin ɗaya daga cikin waɗanda aka gano, amma a sashen da ba a yi wa samfuri ba. Mai son hujjar da ta shafi kowane girma, ko ta kai har cikin ainihin manhaja, sai ya koma ga manhajojin da ke taimakawa wajen kafa hujjar lissafi irin su Coq da Isabelle da Dafny, kuma tsadar daban ce: tabbatar da kariyar Raft, wata yarjejeniyar da sabobi ke bi su cimma matsaya ɗaya, da Coq a Jami'ar Washington ya ci layin hujja kimanin 50,000 da ƙa'idoji 90 da sai da aka gano su ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka, wani bincike na 2017 a kan tsare-tsare uku da aka tabbatar, IronFleet da Verdi da Chapar, ya sami kurakurai 16. Babu ko ɗaya a cikin ainihin yarjejeniyoyin. Suna gefe ne, a inda sashen da aka tabbatar ke haɗuwa da tsarin na'ura da hanyar sadarwa, da cikin bayanin abin da ake so, da kayan aikin tabbatarwar. A ganina kamfanin biyan kuɗi mai ƙananan ma'aikata ba ya buƙatar wannan hawa. Binciken samfuri ya wadatar.

Don rage tazara tsakanin samfuri da manhaja, ka sa wa ayyukan da ke cikin manhajar sunayen matakan samfurin, ka ajiye fayil ɗin samfurin tare da manhajar, duk wanda zai canza tsarin saƙonni ko kwaɗo ya fara canza shi ya sake gudanar da TLC. Kowane sawu da TLC ya taɓa kawowa, mayar da shi gwaji na dindindin wanda ke tilasta wannan jerin daidai, ta hanyar dakatar da saba a wurin da sawun ya nuna. A kan ainihin sabobin kuma ku riƙa yanke hanya da kashe na'ura da gangan kuna duba ko lissafi ya daidaita, irin abin da shirin gwaji mai suna Jepsen ke yi wa rumbunan bayanai.

Idan lissafin TLA+ ya yi maka nauyi da farko, fara da PlusCal, wanda ya yi kama da harshen manhaja kuma ake juya shi zuwa TLA+. A cikinsa kowane laƙabi da ka sa shi ne iyakar mataki, don haka wurin sa laƙabi shi ne shawarar girman matakin da muka yi magana a kai. Kada ka ɗauki tsarinku gaba ɗaya. Ɗauki hanyar cire kuɗi kaɗai, daga shigowar buƙata zuwa amsa, da sake aikawa da mutuwar saba a ciki. Bai kamata ya wuce layi 100 zuwa 200 ba, kuma ka sa mutumin da ya rubuta wannan sashen na manhajar ya zauna kusa da kai, domin shi ya san inda ake taɓa rumbun bayanai sau biyu alhali a takarda sau ɗaya aka zana.